Karatun jinya ta WhatsApp da YouTube: ina ya kamata mu tsaya?

Ummu_Gusau:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibar aikin jinya ce a Gusau, aji biyu. Muna da guruf na aji a WhatsApp, kuma wallahi yana taimakona. Yadda ake sa kanula, wato ɗan bututun da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa ko allura, a bidiyo na fara gane shi, don ranar da malami ya nuna mun yi yawa, ban hangi hannunsa ba. Amma abu biyu na damuna. Bidiyon YouTube kusan duk fatar Turawa ake nunawa, a ce maka ƙurajen ƙyanda ja ne, alhali yaranmu sai ka shafa jikin kafin ka ji su. Sannan wasu 'yan ajinmu na ɗaukar hoton gyambon majinyaci su tura guruf, wai don karatu. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Yayyena da ke aiki, me kuka gani?

Tsohon_Nas:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Hoton nan ba da izinin mai ciwo ba cin amana ne. Kada a ce miki ai an rufe fuska. A garinmu zanen mace ko lallen hannunta ya isa a gane ta, kuma hoton da ya shiga waya hamsin ba mai iya dawo da shi. Matar ta kwance jikinta ne don a yi mata magani. Maganar allura kuma, kada ki ɗauki adadi daga bidiyo. Artesunate na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani 2.4mg ne a kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba 3mg a kowane kilo ake ba shi. Wanda ya haddace lambar farko kaɗai zai rage wa yaro magani. Buɗe littafin ƙa'ida, ki tambayi sista.

Ɗan_Jega:
Mu nan Kebbi abin da ya fi yi mana amfani saƙon murya ne. Mutum ɗaya ya karanta darasi, ya bayyana shi da Hausa cikin minti biyar. Kuma ku riƙa sauke bidiyo kuna ajiyewa, ku raba ta Xender. Ku kun fi kowa sani, a Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, wanda bai ajiye komai ba ya zauna haka nan.

Ummu_Gusau:
Na gode, Baba. Gobe in sha Allahu zan yi wa shugabar ajinmu magana a goge hotunan. Akwai wanda ya san shafin da ke nuna cututtukan fata a jikin baƙar fata?