Abin da aka ce kan kalmar strap

Da aka tattauna kan kalmar Turanci strap, yawancin masu magana sun ce a fara da siffar abin da take nufi: abu ne mai faɗi, siriri, na fata ko ƙyalle, da ake ɗaurewa ko ratayawa da shi. Maɗaurin agogo, maratayin jaka da na takalmi duk sun shiga. Igiya zagayayya ba ta ciki, nan ne masu koyo suka fi zamewa.

Kalmar tana zama aikatau ma. Strap in na nufin ɗaura bel a mota ko jirgi.

Wani ya ja kunne kan strapped for cash, wanda ke nufin kuɗi sun yanke wa mutum, ba a ɗaure kowa ba. Ni strapping ya fi ba ni dariya: ƙaton saurayi majiyin ƙarfi ake nufi.