Ta ina mutum ke fara fita ƙasar waje?

Ɗan Ƙofar Sauri, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan gyaran waya a Katsina, kuma a Kano nake saro kayana wurin mutanen da ke shigo da su daga Sin. Na fara tunanin lokaci ya yi da zan leƙa waje da kaina, sai dai ban taɓa ƙetare iyakar Najeriya ba, ko fasfo ban yi ba tukuna. Ina roƙon manya da suka riga mu fita su bayyana mana yadda tafiyarsu ta farko ta kasance, abin da ya fitar da su, wanda ya yi musu jagora, da takardun da aka nema a hannunsu. Shin ya fi dacewa mutum ya fara da ƙasa ta kusa, ko ya tara kuɗi ya nufi inda buƙatarsa take kai tsaye?

Baba Tsohon Direba, Daura:

Wa alaikumus salam. Ɗana, mu mutanen bakin iyaka ba mu san ranar da muka fara fita waje ba, domin tun muna yara ake tafiya da mu biki ko ta'aziyya Matamai da Damagaram, babu wanda ya taɓa ce mana mun bar ƙasa. Daga Daura ka bi ta Mai'aduwa zuwa Kongolam, ka tsallaka Ɗan Barto, kana cikin Nijar ke nan. Kai da kake Katsina, taka hanyar ita ce Jibiya, Magama, Ɗan Isa, sai Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba.

Shawarata ka fara da nan, domin da kuɗi kaɗan za ka koyi abubuwan da ke firgita sabon matafiyi. Za ka tsaya gaban jami'in shige da fice ya tambaye ka inda za ka da abin da zai kai ka, sannan jandarma ya karɓi takardarka yana jujjuyawa yana yi maka Faransanci, alhali idan ya so Hausarsa ta fi taka daɗi. Za ka canza naira zuwa sefa a hannun 'yan canji, ka kuma koyi lissafinsu, wanda da biyar-biyar ake yin sa: idan mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, jikka kuwa sefa 1,000 ce.

Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka ka tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin ka tashi. Iyakar nan an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta na wasu watanni bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ka riƙe katin rigakafin shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Ka bi hanyar Jibiya da rana tsaka, kuma duk wanda ya ce zai bi da kai ta ɓarauniyar hanya a kan babur, ka ce masa ka gode.

Hajiya Maman 'Yan Biyu, Rafindaɗi:

Baba ya faɗi gaskiyar mutanen iyaka, amma mu na cikin birni, musamman mata, mafi yawanmu aikin Hajji ne ya fara fitar da mu. Abin ya samo asali: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya sauke farali a 1921, ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Talakawa kuwa ƙasa suke bi, ta Barno da Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su sami guzuri, tafiyar ta ɗauki shekaru, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Mai Wurno da sauran garuruwan Sudan.

Alfanun fara fita ta hanyar Hajji shi ne kusan komai an ɗauke maka. Hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ce ke bin maganar biza da masauki, a yi muku bita, a yi allurar sanƙarau, a ba ku guzuri, ku kwana a sansanin alhazai, ku tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Abin da ba a koyarwa a bita shi ne lokacin da jirgi ya ɗaga. Wata tsohuwa daga ƙauye da ke kusa da ni ta damƙe hannuna har sai da zobena ya shata a yatsa, jirgin kuwa gaba ɗaya ya kaure da salati, kuma da aka kawo abinci ta ƙi taɓawa, tana tsoron kuɗi za a ce ta biya.

Ƙanena, abu ɗaya nake so ka riƙe ko ina za ka: kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da mai furfura ne ya roƙe ka, kuma ka tsaya a kan jakarka har a auna ta a sa mata lamba da sunanka. A Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya kisa ne, goro ma da muke ganin ba komai ba ne an hana shiga da shi.

Alhaji Mai Kwantena, Ƙofar Ƙaura:

Tare da girmamawa ga Baba, ban yarda Maraɗi za ta shirya wannan yaro zuwa Sin ba. A Maraɗi yana cikin 'yan'uwansa, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, agogo ɗaya. Guwanzu kuwa, birnin Sin da 'yan kasuwa ke zuwa saro kaya, tana gaban Najeriya da awa 7, WhatsApp da Facebook ba sa aiki sai da dabara, ciniki duk ta manhajarsu ta WeChat ake yin sa, kuma farashi a kan na'urar lissafi ake buga maka shi, ka goge ka buga naka.

Ni maigidana ne ya fara tafiya da ni ina riƙe masa jaka, kuma kusan duk ɗan kasuwar da na sani haka ya fara. Daga Kano muka tashi, muka sauya jirgi a Adis Ababa, kuma a nan ne sabon matafiyi ya fi ruɗewa, domin dole ya karanta allo ya nemo ƙofar jirginsa da kansa, lokacin da ke kan tikiti kuma na garin da yake ne, ba na gida ba. A Guwanzu unguwar Xiaobei ce matattarar 'yan Afirka, akwai gidajen abincin Musulmi, akwai Hausawa masu tafinta da masu haɗa kaya a kwantena. Babban baje kolin birnin ana yin sa sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, sai dai lokacin ne masauki ke tsada.

Kafin komai, ƙanena, ka ɗauki biro ka haɗa kuɗin tikiti, biza, masauki, dako da kwastan, ka raba a kan kayan da jarinka zai iya saya. Idan abin da ya fito ya haura ribar da dillalin Kano ke ci a kanka, to, tafiyar yawon buɗe ido ce, ba fatauci ba. Da yawa sun fara ne da ba wa amintacce sautu har jari ya yi ƙarfi.

Malama Ɗalibar Likitanci, Daura:

Ni karatu ne ya fitar da ni, zuwa Khartum, kuma ina can yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka kwaso mu a motoci zuwa iyakar Masar. Waɗanda suka fi shan wahala su ne waɗanda fasfonsu ke ajiye a wani ofishi ko a hannun wakili. Yaya, kada fasfonka ya kwana a hannun kowa, ka ajiye hotonsa a waya, ka bar kwafi a gida, ka kuma san inda ofishin jakadancin Najeriya yake a duk ƙasar da ka sauka.

Ɗan Ƙofar Sauri, Katsina:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Alhaji, idan har lissafin bai fita ba a bana, shin akwai amfanin in yi fasfo tun yanzu, ko in jira sai tafiya ta tabbata?

Alhaji Mai Kwantena, Ƙofar Ƙaura:

Ka yi shi yanzu, domin dama ba ta jiran layin ɗaukar hoto. Akwai mai shafi 32 na shekara 5, akwai mai shafi 64 na shekara 10, kuma ga mai niyyar fatauci na biyun ya fi, tunda ƙasashe da yawa ba sa ba da biza a kan fasfon da ya rage masa ƙasa da wata 6 ya ƙare. Ka fara duba cewa sunanka da ranar haihuwarka a NIN sun yi daidai da na sauran takardunka, don harafi ɗaya kan tsayar da aikin makonni. Ka cike takardar ta intanet da kanka, ka biya ta shafin hukumar, sannan ka je ofishin shige da fice na Katsina ranar da aka ba ka.