Kwana uku ke nan kunnena na ƙara tun daga wasan jita a Damagaram, mi zan yi?

Ɗan Kusugu:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani a taimaka mani, amma ku bari in faro daga tushe don ku gane inda na kwaso wannan jidali.

Ni a Daura nake, ina da ɗan shagon kayan waya kusa da tasha. Juma'ar da ta wuce mu huɗu muka tsallaka Damagaram bikin ƙanen wani abokin cinikinmu, mutumin Agadas. Ana saukowa daga masallaci muka kama hanya, Kwangwalam, Matamaye, Kance, ba mu shiga gari ba sai da aka kira magariba. Muna cin abinci aka ce mana da dare akwai wasan jita, an ɗauko makaɗa tun daga Agadas. Ni a zatona ɗan taushin nan ne na Buzaye da muke ji a waya, ana kurɓar shayi ana gyaɗa kai. Ashe ban san dawan garin ba.

Fili aka share a bakin layi, aka baza tabarmi, janareta na can gefe yana ta nashi. Makaɗan su huɗu ne, uku da jita, ɗaya da jerin ganguna irin na Turawa masu faya-fayan ƙarfe. Lasifika kuwa an ɗora su bibbiyu, tsayinsu ya kawo mani kafaɗa. Da yake mu baƙi ne daga Najeriya sai aka karrama mu, aka ja mu gaba-gaba. Tsakanin kunnena na hagu da lasifikar bai fi taku biyu ba, ni kuma ina ta washe baki wai an ba mu wurin manya.

Sun faro a sannu. Wajen sha ɗaya sai babban nasu, wani dogo siriri cikin farin rawani, ido kaɗai ake gani, ya sa ƙafa ya taka wani ɗan akwati da ke ƙasa. Nan take muryar jitar ta juye, ta yi kaushi kamar ana jan zarto a kan kwano, amma wallahi da daɗi. Mai ganga ya koma sukuwa. Akwai ɗan kofin shayi a kan tire gabana, ina kallo yana rawa yana matsawa shi kaɗai har ya kai bakin tiren, sai da na tare shi. Haka ƙirjina ke yi. Abokinmu tela, wanda ko a bikin ƙanwarshi bai taɓa ɗaga ƙafa ba, sai ga shi tsakiyar fili, hula a hannu, ƙura har gira. Mata na rangaɗa guɗa amma bakinsu kawai kake gani yana motsi. Ba mu tashi ba sai biyu saura.

A hanyar masauki muka tsaya wurin mai shayi, ya dube mu ya ce lafiya kuke faɗa? Ashe ihu muke wa juna ba mu sani ba.

Sauran ukun duk sun warware kafin mu iso gida. Ni kuwa har yau kamar gyare ya shige mani kunnen hagu, tsiii ba ya tsayawa. Da rana hayaniyar tasha na rufe shi, amma in na kwanta, ko an tada sallar asuba masallaci ya yi tsit, nan yake cin kasuwarshi. Kuma ina jin ɓangaren a toshe kamar ruwa ya shiga. Jiya Inna ta kira ni har sau uku ina tsakar gida ban ji ba, ta ce na fara kuɗi na fara girman kai. Ban iya ce mata komai ba.

Wani ya ce in ɗiga man zaitun mai ɗumi, wani ya ce ruwan albasa, mai kemis kuma yana son ya ba ni na ɗigawa. Wanne zan bi? Kuma abin nan yana tafiya ko ya zauna ke nan?

Anti Nas:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka ɗiga komai. Ba mai, ba albasa, ba tsinken auduga, ba kan ashana. Inda matsalar take, babu abin ɗigawar da ke isa can, kuma in an yi rashin sa'a fatar dodon kunnen ta fashe, abin da ka zuba ne zai jawo maka ruwa da ɗoyi.

Can ƙuryar kunne akwai wani ɗan abu naɗaɗɗe mai siffar katantanwa, cikinshi akwai ƙwayoyi masu ƴan gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane kunne. Su ke karɓar girgizar sauti su miƙa wa jijiya. In ƙara ta yi yawa sai su kwanta, kamar gero bayan iska mai ƙarfi. Wasu su miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa abokanka suka warware. Wanda ya karye kuwa ya karye, jikin ɗan Adam ba ya sake tsiro da wani.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Ma'aunin da ake bi a wuraren aiki shi ne desibel 85 na awa takwas. Duk ƙarin 3, lokacin ya rabu biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya. Kafin ka kai 100 ya dawo minti 15 kacal. Wasan jitar lantarki da ganguna yana wuce 100 cikin sauƙi, balle kai da ka kusa rungume lasifika wajen awa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren wasa cewa kada matsakaicin ƙarar ya haura 100.

Abin da ya tsaya mani a labarinka ba ƙarar ba ce, toshewar nan ce ta gefe ɗaya da ta kai kwana uku. Wannan ba a jira da ita. Ka shirya gobe ka je asibitin da ke da likitan kunne, hanci da maƙogwaro, in babu kusa ka shigo Katsina. A leƙa kunnen, a yi maka gwajin ji. Akwai irin raguwar jin da in an tare ta a kwanakin farko magani na taimakawa, in an yi sati-sati kuma sai haƙuri. In ka ga jiri, ko ruwa ko jini na fita, kada ma ka jira goben.

Kafin nan ka ba kunnen hutu. Na san ku masu kayan waya, wuni kuke da abin ji a kunne kuna gwada wa masu saye. Ajiye shi. Ka nisanci janareta da injin niƙa. Da dare ka bar fanka na juyawa, ƙaramin sautinta na rage maka jin gyaren har barci ya ɗauke ka.

Kuma ka faɗa wa Inna gaskiya. Gara faɗan yini ɗaya da ta riƙe ka a zuci.

Baban Tsangaya:

Yaro, an ce in kunne ya ji jiki ya tsira. To naka kunnen ya ji har ya wuce misali. Ka baro garinku, ka ƙetare iyaka, ka zauna gaban kiɗa har biyun dare, asubar Asabar ɗin ma ban tambaye ka ba don kada in sa ka ƙarya. Ka bi abin da malamar asibiti ta ce, sannan ka yi istigfari. Allah ya ba ka lafiya.

Na Ƙofar Soro:

Baba a yi mana afuwa, zan ɗan tona kaina.

Ɗan Kusugu, abin da ka ji ɗan'uwan kiɗan da Turawa ke kira rok ne, mai nauyin cikinshi kuma su ce metal, wato ƙarfe. Na yi shekara biyu a Birmingham ta Ingila ina karatu, kuma can ne mahaifar metal ɗin. A garin aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Black Sabbath a 1968, yaran unguwar ma'aikata ne. Mai jitarsu, Tony Iommi, injin masana'antar ƙarfe ya datse mashi kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Sai ya ƙera wa yatsun ƴan huluna na roba, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitar don ta daina cin mashi rauni. Sassautawar nan ta ƙara wa sautin kauri da duhu, dubban makaɗa suka bi sahu. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya mutu a Yulin 2025, sati biyu da ƴan kwanaki bayan wasansu na bankwana a filin ƙwallon Aston Villa.

Sau ɗaya abokan ajinmu suka ja ni irin wannan wasa, wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, kowa cikin baƙar riga, ni kaɗai da rigar sanyi ruwan ƙasa kamar wanda ya ɓata hanya. A ƙofa wata dattijuwa mai furfura da zanen tawada har wuya ta miƙo mani ƴan soso guda biyu ta nuna kunne. Na sa a aljihu, wai ni Bakatsine da na tashi cikin ƙarar bindigar hawan sallah. Ba a yi minti biyar da farawa ba na lalubo su.

Abin da ya fi ɗaure mani kai tsakiyar filin ne. Sai ka ga an dare an bar da'ira, gangar na tsinkewa kawai ƙarti su ruga su yi ta bangazar juna da kafaɗa, kamar raguna. Na ce yau za a yi kisa. Can wani ya zame ya faɗi, kafin in ƙifta ido hannu ya fi shida ya ɗago shi, wani ya tsinto mashi tabarau ya ɗaga sama har ya karɓa, aka ci gaba. Na tuna ƴan dambe da ke rungume juna bayan an raba. Warin giya da zufa dai ya kore ni kafin a tashi, ban kuma komawa ba, amma ba zan ce ban gane abin da ke kai su ba. Telanku ya gane shi.

Su kansu masu sana'ar ba su tsira ba. Brian Johnson, mawaƙin ƙungiyar rok ta AC/DC, dole ya bar yawon wasa a 2016 da likitoci suka ce zai kurmance.

Na Nijar ɗin kuma kada ka raina su. Wani makaɗinsu, Mdou Moctar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarshi ta farko, a Sakkwato ya naɗi faifanshi na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a katin memori, irin wanda kake sayarwa. Yau Amurka da Turai ake layi a kalle shi. Makaɗan ƙungiyar Tinariwen na Mali kuwa har Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, suka ci a 2012.

Mai Sauti KT:

Ni hayar lasifika nake a Katsina, sama da shekara goma. Ɗan akwatin da ka ga ya taka, aikinshi ya tura sautin fiye da abin da na'ura za ta ɗauka a tsabtace, sai kan sautin ya daddatse, shi ne kaushin. Mu in muka ji haka a kayanmu gabanmu faɗuwa yake, su kuwa da gangan suke nema.

Laifin kuma ba na makaɗa kaɗai ba ne. In na saita daidai, abokan ango ne za su zagaye ni, Malam ƙara mana, ko kayan naka ba su da ƙarfi ne? In ban ƙara ba gobe wani za a kira. A fili buɗaɗɗe duk sanda ka ninka tazararka da lasifika, ƙarar na sauka da kamar desibel 6. Da ka koma taku takwas maimakon biyu, da yanzu wani labarin kake ba mu. Nan gaba nemi inda mai saita sauti ya kafa teburinshi ka tsaya, nan ya fi daɗin ji. Ni dai uwargida ta gaji da ce mani in rage rediyo. Abin da ke ci mani rai yaran da ke hawa kan lasifika su zauna, na kora na kora har iyaye na cewa na cika tsanani.

Ɗan Kusugu:

Na gode ƙwarai jama'a. Anti, na bi maganarki na shigo Katsina jiya. Likita ya leƙa ya ce fatar ba ta fashe ba. Aka sa ni wani ɗan ɗaki aka ɗora mani abin ji, in na ji ɗan tii in danna maɓalli. Na dama lafiya lau, na hagu ya ɗan ja baya wajen siraran sautuka. Ya rubuta magani ya ce in dawo a sake gwadawa. Toshewar ta fara saki, gyaren dai yana nan amma ya rage murya.

Baba, asubar Asabar mun yi ta, sai dai rana ta riga mu. Na karɓi faɗa.

Inna kuwa da na faɗa mata, shiru ta yi, can ta ce ai gara da Buzaye suka riga ta ja mani kunnen. Yanzu in za ta aike ni sai ta zagayo ta dama.

Yaya Na Ƙofar Soro, ƴan soson nan a ina ake samunsu a Katsina? Na tambayi shago biyu na masu kayan gini sun ce sai dai a sauto daga Kano. Tela ne ya dame ni, wai ƙanwar angon ma an sa ranarta bayan sallah.