Dan Allah a ba ni shawara kafin Asabar: mu jefa dayis ne ko mu sayi maki?

Nura_Samaru:
Assalamu alaikum 'yan gida. Zan fara jan wasan D&D (Dungeons & Dragons, wasan labari da ake yi a tebur da dayis, kowa da jaruminsa) bugu na biyar wa mutum biyar, doguwar tafiya ce nake so ta kai mu ƙarshen shekara in Allah ya yarda, toh abin da ya tsaya min shi ne yadda za mu fitar da makin nan shida na kowane jarumi, wato ƙarfi, zafin nama, juriya, ƙwaƙwalwa, basira da kwarjini. Uku a cikinsu ba su taɓa wasan ba har da ƙanwata, ɗaya kuma yana karatu a Masar ta waya zai dinga shigowa, ba zan ga hannunsa ba in yana jifa. Littafi ya kawo hanya uku, ko a jefa dayis huɗu masu fuska shida a yar da ƙaramin a haɗa ukun har sau shida, ko kowa ya ɗauki 15, 14, 13, 12, 10, 8 ya raba yadda yake so, ko a ba kowa maki 27 ya sayi lambobin shidan da su. Raina na son jifa amma ina tsoron wani ya fito gagara badau wani ya fito ba ya iya komai a yi ta jin haushi. Wanda ya taɓa ja da sababbin shiga me ya gani?

Kawu_Ila:
Wa alaikumus salam. Yaro duk ukun nan gata ne. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974 dayis uku ake jefawa kuma a jere, abin da ya faɗo maka a ƙarfi shi ne ƙarfinka ba sauyi, sai ka ga makinka tukuna ka san wane ne kai. A tsohon bugu ba ka isa ka zama faladin, wato mayaƙi mai tsarki, ba sai kwarjininka ya kai 17, shi ya sa in aka ga faladin a tebur ake girmama shi. Ku jefa uku a jere ku huta.

Nura_Samaru:
Kawu na gode, amma sababbi ne fa, ƙanwata ta riga ta ce mai kibiya take so.

Hafsy_Kawo:
Malam Nura don girman Allah kar ka bari a jefa, ni ganau ce. Teburin da na fara wasa DM ɗinmu, wato mai jan wasan, cewa ya yi kowa ya jefa a gida ya zo da takardarsa, ni kuma tsakani da Allah na jefa, babban makina 12, akwai 7 akwai 8 guda biyu. Amininsa ya zo da 18, 17, 16 wai sa'a ce. Na roƙi a bar ni in sake ya ce ai ƙaddarar jarumarki ke nan ki rungume ta. Wlh haka muka yi ta tafiya wata da watanni, in aka zo faɗa shi ke kashewa, in aka zo lallashin sarki shi ke magana, in ƙofa ce shi ke ɓallawa, har sihirin da ni ce ya kamata in fi kowa sai nawa ya ƙi ci saboda makin ƙwaƙwalwata bai kai ba. Ni fa kuɗin adaidaita nake kashewa daga Kawo in je in zauna awa huɗu ina kallon mutum ɗaya yana haskawa. Da muka kai mataki na huɗu aka ƙara wa kowa maki biyu, ni ina ƙoƙarin kaiwa 16 shi ya daɗe da kai 20 ɗinsa yana zaɓar abin ado. Ranar da na ce abin yana damuna aka ce na cika mita, wai labari ake zuwa yi ba lissafi ba, toh in labari ne me ya sa mai faɗin haka bai yarda mun yi musayar takarda ba? Na daina zuwa kuma har yau ba wanda ya kira ya ji dalili, wannan ya fi makin yi min ciwo.

Abba_d20:
Allah sarki Anti Hafsy. Amma gsky wannan ba laifin dayis ba ne, zaluncin DM ne. A bugu na uku ma doka ce, in babban makinka bai wuce 13 ba kana da damar zubar da duka ka sake jifa.

Hafsy_Kawo:
Bugu na biyar muke yi Abba, kuma babu wannan dokar a ciki, shi ya samu mafaka.

Injiniya_Sule:
Bari in sa lissafi a maganar. Dayis uku matsakaicinsa 10.5 ne kuma 18 sau ɗaya take fitowa cikin 216. In huɗu ne a yar da ƙarami matsakaici ya haura 12 kaɗan, 18 kuma hanya 21 ce cikin 1296, bai kai biyu cikin ɗari ba. Kenan mutumin Anti Hafsy zai iya yin sa'a amma ni da sai na ce ya maimaita a gabana. Sayen maki kuwa ba ka wuce 15 ba ka sauka ƙasa da 8 kafin ƙarin makin da jinsin jarumi ke bayarwa, 13 tana cin maki 5, 14 tana cin 7, 15 tana cin 9, kuma jerin nan na 15 zuwa 8 in ka lissafa 27 ne cif, abu ɗaya ne aka shirya maka. Mai 18 ana ƙara masa 4 a jifa, mai 12 kuma 1, kenan tazararsu uku ce a kan dayis mai fuska ashirin, kashi 15 cikin ɗari a kowane jifa har ƙarshen tafiyar wasan, ba ƙaramin abu ba ne.

Dan_Fagge:
Injiniya mun zo hutawa ka dawo mana da jarrabawar WAEC 😂 mu dai a ba mu dayis ɗin lido mu nemi siki uku.

Maryam_B:
Ku yi haƙuri in ɗan tambaya, nawa ake sayar da cikakken saitin dayis mai guda bakwai yanzu? Wani ya ce min dubu goma sha biyar.

Abba_d20:
Kai an so a yanke ki Yaya Maryam, ni dubu huɗu da ɗari biyar na yi oda har da kuɗin kawowa.

Dan_Fagge:
Yaushe ke nan Abba, dala tana nawa? Watan jiya na biya tara a Abuja kuma na roba ne lambobin har sun fara gogewa.

Abba_d20:
Toh kai aka yi wa tsada, ni dai abin da na biya na faɗa.

Zee_Gamer:
Sayen maki kawai malam. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 ma 27 ɗin nan ya ba mu kuma ba wanda ya yi kuka, ka yi 15 uku da 8 uku ka wuce wurin.

Kawu_Ila:
Wanda bai taɓa zama a tebur da mutane ba sai kwamfuta bai kamata ya ba da fatawa a nan ba. Ga shi nan ai, 15 uku 8 uku, kowane mayaƙi ya fito daƙiƙi iri ɗaya kamar bulo daga inji guda. Wannan shi ne abin da sayen maki ke haifarwa.

Zee_Gamer:
Kawu da girmanka, kai ma fa da bakinka ka ce rabonka da jan wasa tun kana Ingila. Wasannin Adventurers League da Wizards of the Coast, kamfanin da ke da D&D, ke tsarawa ba a yarda da jifa ba, su ma ba su san tebur ba ne?

Hafsy_Kawo:
Ni da abin ya faru a kaina ba wanda ya tambaye ni, sai masu tarihi da masu lissafi ke ta yi. Wanda bai taɓa zaman wata shida da jarumi mara amfani ba ba zai gane ba.

Maryam_B:
Mu a teburinmu kowa jifa ɗaya ya yi a gaban kowa, DM ta cika na shida, sai muka haɗa lamba shidan nan duk muka yi amfani da su. An ji daɗin jifa kuma ba wanda ya fi wani.

Nura_Samaru:
Yaya Maryam wannan ya kwanta min, amma na Masar ɗin fa, in jefa masa ne ko ya kunna kyamara? Kuma in jerin ya fito da muni duk mu biyar mun shiga uku ke nan?

Dan_Fagge:
Kai ka ma samu inda za ku jefa. Mu matsalarmu ta wuce nan, a wani wurin shan shayi muke haɗuwa mai wurin ya ga dayis a tebur ya ce mu tattara ba a caca a shagonsa, na nuna masa takardu na ce ko sisi ba a sakawa labari muke yi, ya ce shi dai ya ga ƙwaya.

Abba_d20:
Wlh ni Hajiyarmu ce ta tsinci jakar dayis ɗina tana shara, har yau tana wurinta.

Injiniya_Sule:
Kar ku ga laifinsu, akwai hadisi a kan wasan nardi, wani wasa da ake yi da dayis, kuma malamai sun yi magana a kan wasa da ƙwaya, wannan tambayar malami za a kai wa ba mu ba. Ni manhajar waya nake amfani da ita ko in rubuta lambobi a kati a zara.

Dan_Fagge:
Injiniya ko da waya ne in aka ga samari shida sun kewaye tebur suna ihu sai an zo an tsaya a kanmu. Zaure mun gwada yara sun cika mu, ɗakin abokinmu ba wuta ga zafi, wurin da ke da janareta kuma sai kowa ya sayi abinci kafin a bar ka ka zauna awa ɗaya. Dan Allah 'yan Kano a ina kuke haɗuwa ne, mu fa yau sati na uku ke nan ba mu yi zama ba.