Wai an ga marigayi tela a kasuwar Techiman

Salisu: Jama'a, wani direba a tashar Aboabo a nan Kumasi ya rantse ya ga telan nan da muka kai maƙabartar Tafo bara, can a kasuwar garin Techiman yana cinikin doya. Har tabon goshinsa ya gani. Da ya kira sunansa, sai mutumin ya shige cikin jama'a.

Hajiya Ladi: Ni ban yi mamaki ba. Tun muna yara a Asawase maƙwabtanmu Tonawa, wato Asante, ke cewa wanda ya yi mutuwar farat ɗaya ba ya samun wurin zama wajen kakanninsa, sai ya koma wani gari. Har aure yakan yi, ranar da wanda ya san shi ya gan shi sai ya ɓace.

Malam Habu: Hajiya, wannan aƙidarsu ce. Su da duk kwana 42 ake bikin Akwasidae a Manhyia, fadar sarkinsu, a kai wa kujerun sarakunan da suka shuɗe abinci da abin sha, dole su ce matacce na kusa. Mu kuwa Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, ta yanke magana: mamaci zai roƙi a mai da shi, a ce a'a, akwai barzahu har ranar tashi. In direban ya ga wani abu, aljani ne ya rikiɗe.

Hajiya Ladi: To Malam, ai ka yarda ya ga wani abu ke nan.

Aminu: Mutum ya gani, Goggo, mai kama da shi. Kullum fatalwar nan a wani gari take, kullum direba ke ganinta, kuma kullum wayarsa ba caji.

Salisu: Tabon fa?

Kawu Ɗanlami: Salisu, ni na yi masa wanka. Ni na shiga kabarin, na kwantar da shi ta dama, na kwance ƙullin likkafani, na jera itace da hannuna. Kuma tabon a haɓa yake.

Hajiya Ladi: Allah ya jiƙansa. Amma Yaya, ni dai ba zan bi ta Tafo bayan isha'i ba.

Kawu Ɗanlami: Kada ki bi. Kai kuma Salisu, je ka samu direban nan yau ka ja masa kunne. Matar marigayin ta gama takaba tuni, an sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah, kuma maganar nan ta riga ta kai kunnen dangin angon.