Na kusa gama karatun haɗa manhaja, CV 23 ba amsa ko ɗaya

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina shekara ta 3 a jami'a nan Damagaram, saura kare kundina. Baba ya sayar da tumaki biyu ya saya mini kwamfuta, yanzu kullum sai ya tambaye ni yaushe albashi. Na iya PHP da Laravel na gina shafukan intanet, na ɗan taɓa Flutter na manhajar waya. Na tura CV wuri 23, shiru. In tafi Yamai ko in zauna? Barci ma ya gagare ni.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka faɗi abin da ka gina ba, kuma nan matsalar take. Manhajar da ke kan XAMPP (abin gwada shafi ba intanet) cikin kwamfutarka, mai ɗaukar aiki ba ya ganinta. Zaɓi aiki ɗaya, misali lissafin kayan shago da bashin masu saye. Ɗora shi a GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu a gani, da README (fayil ɗin bayanin aikin) da Faransanci, hotunan allo 4, da matakan girkawa. Ka sa .env (fayil ɗin kalmomin sirri) cikin .gitignore (jerin fayilolin da ba a ɗorawa), don da yawa suna tura kalmar sirrin rumbun bayanansu duniya ta gani. Ka tabbata yana aiki ba intanet: SQLite (ƙaramin rumbun bayanai) a waya, ya aika bayanai in rezo ya dawo. CV shafi 1, adireshin GitHub a sama. Ka yi katin ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, sanarwar aiki da yawa suna nemansa.

Mai tambaya: Yaya, aikin kundina ya kai wannan. Ban ɗora ba ne don kar a sace.

Ɗan Birni: Ba mai sata. Ɗora.

Ƴar Garin Malam: Ni ban yarda da zancen shago ba. Ƙungiyoyin agaji ba Laravel suke nema ba, mai iya tattara bayanai suke nema. Koyi KoboToolbox, manhajar tattara bayanai ta waya: fom ɗin XLSForm da ake tsarawa a Excel, shafin survey (tambayoyi) da choices (zaɓin amsoshi), da yadda ake rubuta relevant (sharaɗin bayyanar tambaya) da constraint (iyakar amsar da ake karɓa). Sunan tambaya ba ya ɗaukar tazara, nan sababbi ke faɗuwa. Ƙara Excel sosai da DHIS2, manhajar tattara bayanai da ake aiki da ita a fannin lafiya.

Ɗan Zango: Duk wannan sai da wanda ya tsaya maka. Su ce gogewar shekara 3 ga yaron da bai fita aji ba, a ina zai samo ta? Wuta ma ba ta zama, kuɗin data ya ishi mutane.

Ɗan Birni: Gogewa ana ƙera ta. Kasuwar Dole cike take da masu lissafi a littafi. Girka wa mutum 2 manhajar shagon, karɓi rabin kuɗi kafin ka fara, ku rubuta abin da za ka yi a takarda, in ba haka ba gyara ba ya ƙarewa. Yamai kilomita wajen 900 ce, kada ka hau mota sai an kira ka ganawa.

Mai tambaya: Ni fa ba shekara 3 na yi don in cika fom ko in bi shaguna ba. Kamfani nake so, inda zan koya wurin manya.

Ƴar Garin Malam: To ƙanena, manyan suna Yamai, sai ka tafi.

Ɗan Birni: Da wane masauki?

Mai tambaya: Akwai ɗan kawuna can, amma ban yi masa maganar ba tukuna.