Wane suna za mu ba gwada zanen yatsa da hasken leza?

Malamin fiziks: Assalamu alaikum, 'yan uwa na Sakkwato. Ana neman sunan Hausa ga dabarar da haske da kansa ke gwada zanen yatsa ko fuska da wanda aka adana. Ana sa hoton yatsan a ƙaramin allo, a haska shi da leza, galibi ja mai tsawon zango nanomita 633. Gilashin tattara haske na farko ya warware hoton zuwa zubin layukansa, masu kauri a tsakiya, sirara a gefe. Daidai nan ake dasa rariya, wato faifai mai tace haske, da aka yi daga zanen yatsan da aka adana. Gilashi na biyu ya sake tattarawa a kan kyamara. In yatsa ɗaya ne, ɗigo mai ƙyalli ya fito. In na wani ne, hasken ya watse. Wani masani mai suna VanderLugt ya fito da rariyar a 1964. Ni "alaƙar haske" na kawo.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. "Alaƙa" ta masu ƙididdiga ce, mai karatu zai zaci zumunci ake nufi. Aikin awo ne: ƙarfin ɗigon ake aunawa, a yanka masa iyaka. Ka sassauta iyakar, baƙo ya wuce. Ka tsananta, a hana mai gida shiga.

Mai nazarin rubutun hannu: Ga "muƙabala". Haka magabata suke kiran gwada kwafi da asalin littafi, layi bayan layi.

Injiniya: Allah gafarta Malam, ta yi kyau, amma yau in ka ce muƙabala, malamai biyu ake hangowa gaban jama'a. Kuma ita layi-layi take bi, wanga kuwa hoton gaba ɗaya yake gwadawa lokaci guda. Sai dai ta so ta dace da tsarin wasu masana biyu, Weaver da Goodman, na 1966, inda ake jera hotunan biyu gefe da gefe ba rariya, ɗigo biyu su fito hagu da dama na babban hasken tsakiya.

Mai gyaran na'ura: Ko me za a zaɓa, kalmar ta nuna kama ake nema, don yatsa bai taɓa sauka iri ɗaya sau biyu. In ya gusa gefe ba komai, ɗigon ne ke gusawa. In ya karkace ko aka danna da ƙarfi fata ta baje, ɗigon ya dusashe. Ga hunturu: fata ta bushe, layuka su tsinke, ƙura ta hau gilashi. Rariyar ma in ta goce da 'yan maikiromita, aiki ya ɓaci. Kada kuma a haɗa shi da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, can haske hoto kawai yake ɗauka, kwamfuta ke gwadawa.

Malamin fiziks: To, na janye tawa. "Awon kama da haske" fa?

Mai nazarin rubutun hannu: "Kama" a rubuce tana iya zama kamun ɓarawo, tunda maganar tsaro ake. A ce "awon kamanni da haske", ɗigon kuma "ɗigon dacewa".

Injiniya: Na yarda. Rariyar a bar ta "rariyar kamanni", ko da yake wani zai ce "matata", daga tacewa.